An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Jita-jita da Zargin Maƙwabci a Mahangar Kimiyyar Halittu

Gabatarwa

A kusan kowane ƙaramin gari na ƙasar Hausa akwai gida ɗaya da iyaye kan ja kunnen 'ya'yansu a kansa. Ba a ɗiban wuta a gidan, ba a cin tuwon da ya fito daga cikinsa, in kuwa an karɓa don kunya, sai a zagaya a zuba wa kaji. Idan tsohuwar gidan ta nufo rijiya sai hira ta ɗauke, mata su shiga gyara goyo suna rufe kawunan jarirai. In ka tambayi dalili, amsar ɗaya ce: an ce mayya ce. In ka ƙara tambayar wanda ya ce, sai a ce maka ai kowa ma ya sani.

Wannan maƙala za ta dubi irin wannan zargi ne da idon mai nazarin kimiyyar halittu. Ba za ta shiga muhawara a kan abubuwan gaibu ba, domin wannan fage ne na malaman addini. Abin da ya dame mu shi ne hujjojin da akan kafa a kan mutum takamaimai, mai suna, mai 'ya'ya da jikoki, har gari ya yanke masa hukunci ba tare da alƙali ba. Mai karatu zai ga cewa galibin waɗannan hujjoji alamomi ne na cututtukan da aka san sunansu da musabbabinsu da maganinsu. Hasarar da akan yi kuwa biyu ce. Wanda aka zarga ya rasa mutuncinsa, wani lokaci har da ransa. Sa'an nan ainihin abin da ke kashe yaran yana nan daram, yana jiran na gaba.

Tambayar da Ke Haifar da Zargi

A shekarar 1937 wani masanin al'adu ɗan Ingila mai suna Evans-Pritchard ya wallafa sakamakon zaman da ya yi a cikin ƙabilar Azande, waɗanda ke zaune a yankin da ya haɗa Sudan ta Kudu da Kwango da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Ya kawo wani misali da kowane manomi zai gane. Rumbunan Azande a kan dirkokin itace ake ɗora su, kuma mutane kan fake a ƙarƙashinsu idan rana ta yi zafi. Wani lokaci sai rumbu ya rufta ya danne mutum. Azande sun san sarai cewa gara ce ta cinye dirkokin. Abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya shi ne, me ya sa rumbun ya faɗi a daidai lokacin da wane yake zaune a wurin? A nan ne zancen maita kan shigo.

Ashe ke nan tambaya biyu ce ke tasowa idan masifa ta auku. Ta farko ita ce yaya abin ya faru, ta biyu kuwa me ya sa ya faɗa a kaina. Kimiyya takan amsa ta farko dalla-dalla. Ta biyun ma tana da abin cewa a kanta: gara tana ci dare da rana, mutane kuma suna zama a inuwar rumbu kullum, don haka a gari mai rumbuna da yawa ba makawa wata rana faɗuwa ta zo daidai da zama. Sai dai zuciyar wanda aka yi wa rashi ba ta cika gamsuwa da lissafi ba. Tana neman fuskar da za ta ɗora wa laifi.

Wannan ɗabi'a tana da tushe a halittarmu. Ƙwaƙwalwar ɗan'adam, kamar ta dabbobi da yawa, tana da saurin zaton akwai mai rai a bayan duk wani motsi. Wanda ya ji motsi a ciyawa ya zabura, alhali iska ce, bai yi hasarar kome ba. Wanda kuwa ya ɗauka iska ce, alhali kububuwa ce, ya gamu da ajalinsa. Wannan saurin zato yana da amfani a daji, amma a cikin gari yakan sa mu ga hannun maƙiyi a inda ƙwayar cuta ce kawai take aikinta.

Wa Ake Nunawa da Yatsa?

Da za a jera waɗanda aka taɓa zargi da maita a garuruwa daban-daban, da an ga sun yi kama da juna ƙwarai. Yawanci tsohuwa ce, mijinta ya mutu, ba ta da ɗa namiji babba a kusa da zai tsaya mata. Ko kuwa baƙo ne da ya zo ci-rani ya zaune, ko mutum mai faɗa da ba ya shiga jama'a. Da wuya ka ji an kama uwar mai gari ko matar attajiri.

Kamannin da ake dogara da su ma suna da bayani. Jan ido, alal misali, shi ne ladan wadda ta shekara hamsin tana hura wutar itace da kara a cikin madafa marar taga. Tsohuwar da ke magana ita kaɗai, tana fita yawo da tsakar dare, tana kiran sunayen matattu, mai yiwuwa gigin tsufa ne ya kama ta, wato lalacewar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, shi ya bayyana nau'in wannan cuta da ya fi yawa tun a shekarar 1906. Mai irin wannan lalura, idan aka taru a kanta ana tsawa, tana iya amsa duk laifin da aka ɗora mata, sai a ce ai da bakinta ta faɗa.

Talauci ma yana da hannu. A shekarar 2005 wani masanin tattalin arziki, Edward Miguel, ya wallafa binciken da ya yi a ƙauyuka 67 na gundumar Meatu a Tanzaniya. Ya gano cewa kisan da ake yi wa waɗanda ake zargi da maita yakan ninka a shekarun fari ko ambaliya, wato lokacin da hatsi ya yi ƙaranci, kuma mafi yawan waɗanda ake kashewa tsofaffin mata ne, sau da yawa ma danginsu ne ke aikata kisan. A arewacin Gana har yau akwai matsugunai irin na Gambaga, inda matan da aka kora daga garuruwansu kan sami mafaka. A watan Yuli na 2020 an yi wa wata tsohuwa 'yar shekara 90 dukan da ya kashe ta a bainar jama'a a garin Kafaba na ƙasar, bisa irin wannan zargi. Duk wannan yana nuna cewa yatsa yakan nufi wanda ba shi da gata ne.

Ambaton Suna da Tsallake

Akwai hujja biyu da jama'a suka fi ɗauka da ƙarfi. Ta farko ita ce majinyaci ya kama sunan wance yana kira a cikin ciwo. Idan zazzaɓi ya yi tsanani, ko sukarin jini ya yi ƙasa, ko ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro suka toshe ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, sai majinyaci ya shiga magagi. Yakan ga abin da babu, ya ji muryar da ba a yi ba, ya yi ta sambatu. Haka ma taifot da sanƙarau kan yi. Ƙwaƙwalwar da ta ruɗe kuwa ba ta da inda za ta ɗebo hotuna sai daga abin da aka riga aka ajiye a cikinta. Yaron da tun yana rarrafe ake ce masa kada ya bi ta ƙofar gidan wance, wa kake tsammani zai gani a cikin firgicinsa? Daɗin daɗawa, sau da yawa masu jinya ne ke sa masa sunan a baki, suna cewa: “Wa kake gani? Wance ce ko?” Da ya yi nishi sai a ce ya amsa.

Hujja ta biyu ita ce an kawo wadda ake zargi ta tsallake yaro, kuma ya sami sauƙi. Yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 sukan yi jijjiga idan jikinsu ya yi zafi farat ɗaya, kuma mafi yawan irin wannan jijjiga takan tsaya da kanta cikin 'yan mintoci. Kafin a tara samari a je a jawo tsohuwa, ciwon ya riga ya kama hanyar lafawa. Shi ma zazzaɓin cizon sauro hawa da sauka yake yi: sanyi, sai zafi, sai gumi, sai jiki ya yi dama-dama kafin ya sake tashi. Mutane kuwa sun fi neman taimako a lokacin da ciwo ya kai ƙololuwa, don haka duk abin da aka yi a wannan lokaci, shi zai kwashi yabon sauƙin da dama yana tafe.

Sai mai karatu ya lura da tarkon da ke nan. In yaro ya tashi, an ce ta sake shi, ke nan mayya ce. In ya mutu, an ce ta riga ta cinye kurwarsa, ke nan mayya ce. A ƙa'idar kimiyya, duk zancen da babu wani sakamako da zai iya ƙaryata shi, to babu sakamakon da zai iya tabbatar da shi. Abin baƙin ciki shi ne lokacin da ake ɓatawa, domin sanƙarau yana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya, shi ma zazzaɓin da ya hau ƙwaƙwalwa ba ya jira, alhali duka biyun suna da allurar da ke ceton rai in an kai asibiti da wuri.

Gidan da 'Ya'ya Ba Sa Tsayawa

Babu abin da ke haifar da zargi kamar mace ta yi ta haihuwa 'ya'yan suna mutuwa tun suna ƙanana, abin da Hausawa ke kira wabi. Ɗaya daga cikin manyan dalilan hakan shi ne amosanin jini, wato sikila. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari mai suna himogulobin, wanda ke ɗaukar iskar da muke shaƙa zuwa sassan jiki. Kowane mutum yakan gaji ƙwayar gadon wannan sinadari guda biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai AA lafiyarsa ƙalau. Mai AS ma lafiyarsa ƙalau, sai dai yana ɗauke da iri. Mai SS shi ne mai ciwon. Jajayen ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe kamar lauje, su maƙale a ƙananan jijiyoyi, kuma sukan mutu cikin kwana 10 zuwa 20, alhali lafiyayyu sukan kai kwana 120. Wani likita a Amurka, James Herrick, shi ya fara bayyana siffarsu a 1910. A 1954 kuma Anthony Allison ya nuna cewa masu AS suna da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, abin da ya sa irin ya yawaita a ƙasashenmu.

Jaririn da ke da SS yakan zo duniya ɓul-ɓul, domin jinin da ya yi amfani da shi a ciki yana kare shi. Daga wajen wata 6 sai hannuwa da ƙafafu su fara kumbura, ido ya yi rawaya, saifa ta raunana, ƙaramin zazzaɓi ya zama babba. Ga uwar da ba ta san wannan ba, abin yakan yi kama da an sa wa ɗanta ido.

Bari mu yi lissafi. A Nijeriya kusan mutum 1 cikin 4 yana da AS, kuma akan haifi jarirai kimanin 150,000 masu ciwon a kowace shekara. Idan 1 cikin 4 na maza da 1 cikin 4 na mata suna ɗauke da iri, to aure 1 cikin 16 zai haɗa AS da AS. A garin da ke da ma'aurata 160, ana sa ran samun irin wannan aure guda 10. A kowace haihuwa ta irin wannan gida, yiwuwar samun SS ita ce 1 cikin 4, kuma haihuwar bana ba ta san abin da ya faru a ta bara ba. Lissafi ya nuna cewa in kowane gida ya haifi 'ya'ya 4, kusan kashi 26 cikin ɗari na gidajen za su sami masu ciwon biyu ko fiye. Wato a cikin gidajen nan 10, biyu ko uku za su ga abin da ake kira wabi, ko da kuwa ba su da maƙwabci ko ɗaya. Auren zumunta yakan ƙara yawan haɗuwar a cikin dangin da ke da irin.

Inyamurai ma suna da irin wannan imani, suna kiran yaron ogbanje. A wani bincike da Esther Nzewi ta wallafa a 2001, an gwada jinin yara 100 da ake yi wa wannan laƙabi, aka tarar 70 daga cikinsu sikila ce ke damunsu. A yau gwajin jini yana nuna rukunin mutum, kuma yaron da aka gano da wuri, aka kare shi daga sauro, aka yi masa rigakafi, aka ɗora shi a kan magungunan da likita ya tsara, yana iya girma ya yi karatu ya yi aure. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na rukunin jini.

Idan Mutuwa Ta Taru a Unguwa Ɗaya

Wani abin da ke tayar da hankali shi ne a ga yara suna mutuwa a jere a unguwa guda. Ƙasar Hausa tana tsakiyar yankin da masana ke kira ɗamarar sanƙarau, wanda ya miƙe daga Sanagal har Habasha. Ƙwayar bakteriyar da ke kawo annobar tana zama a maƙogwaron mutane masu lafiya ba tare da sun sani ba, tana kuma bin tari da atishawa. Idan ƙurar hunturu da zafin bazara suka busar da hanci da maƙogwaro, sai ta sami hanyar shiga jini, ta kai ga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Ɗakin da mutum goma ke kwana ba taga, shi ne gonarta. A 1996 fiye da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, sama da 11,000 suka rasu. Allurar rigakafin da aka fara yi a yankin daga 2010 ta karya lagon nau'in A na ƙwayar. Nau'in C ya ɓarke a 2017, musamman a Zamfara da Sakkwato da Katsina, sa'an nan a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kariya daga nau'i biyar.

Darasin da ya fi kowanne shi ne na Zamfara. A farkon 2010 agwagi suka fara mutuwa a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, sai kuma yara suka bi, da amai da ciwon ciki da jijjiga. Ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Na-gari-na-kowa sun ba da maganin zazzaɓi da na sanƙarau, abin bai tsaya ba. Da aka gwada jinin yaran sai aka tarar gubar dalma ce. Mutanen ƙauyukan suna kawo duwatsun zinariya cikin gida suna dakawa, suna niƙawa, duwatsun kuwa cike suke da dalma. Ƙurar ta sauka a tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. A ƙauyukan Dareta da 'Yargalma, binciken gida-gida ya nuna cewa kusan 1 cikin 4 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun mutu cikin shekara guda. Jimillar yaran da suka rasu ta kai kimanin 400. An shawo kan matsalar ne ta hanyar kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, da fitar da aikin niƙa bayan gari, da ba yara maganin da ke janye dalma daga jini. Mai karatu ya ƙaddara da a ce neman maye aka tsaya yi: ko tsohuwa nawa aka kora, turɓayar tsakar gida za ta ci gaba da aikinta.

Yadda Magana Ke Yaɗuwa Kamar Annoba

Ita kanta jita-jita masana sun yi nazarinta. A 1947 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu a Amurka, Gordon Allport da Leo Postman, suka wallafa sakamakon wani gwaji. Sukan nuna wa mutum ɗaya hoto, ya bayyana wa na biyu wanda bai gani ba, na biyu ya faɗa wa na uku, haka har mutum shida ko bakwai. Sun tarar cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na bayanan sukan zube a baki biyar ko shida na farko. 'Yan abubuwan da suka rage sai a kambama su, sa'an nan a lanƙwasa su su dace da abin da mai ba da labari ya riga ya yi imani da shi. Haka “ta wuce ta ƙofar gidan ranar da yaron ya kwanta” kan rikiɗe ta koma “an ga ta tsaya tana leƙen ɗakin”. Sun kuma lura cewa jita-jita tana bunƙasa ne idan abu biyu suka haɗu: al'amari ya kasance mai muhimmanci, kuma babu cikakken bayani a kansa. Mutuwar yaron da ba a kai asibiti ba ta cika sharuɗɗan nan biyu.

A 1964 wasu masana lissafi, Daley da Kendall, suka nuna cewa ana iya auna yaɗuwar jita-jita da irin lissafin da ake auna annoba. Akwai waɗanda ba su ji ba tukuna, akwai masu yaɗawa, akwai waɗanda suka ji suka yi shiru. Muddin kowane mai yaɗawa yana samar da sabon mai yaɗawa fiye da ɗaya, magana za ta game gari. In adadin ya gaza ɗaya, sai ta mutu. Ke nan duk wanda ya ji ya riƙe bakinsa, matsayinsa ɗaya da wanda aka yi wa allurar rigakafi: ya kare kansa, ya kuma kare na bayansa.

A ƙaramin gari akwai wani ruɗi na daban. Mutum yakan ji zance ɗaya a rijiya, ya ji a kasuwa, ya ji a majalisa, sai ya ɗauka shaidu uku ya samu, alhali duka daga baki ɗaya suka fito. Bincike ya tabbatar da cewa maimaita magana kaɗai yana sa ƙwaƙwalwa ta ƙara gaskata ta. Wayar hannu kuma ta ƙara wa abin gudu, har saƙon murya ɗaya yana iya tara jama'a a ƙofar gidan mutum kafin mai unguwa ya sami labari.

Rijiya Biyu

Tarihin Turai ya bar mana misalai biyu da suka cancanci a jera su. A tsakiyar ƙarni na 14 annobar da ake kira baƙar mutuwa ta hallaka aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen nahiyar. Sai jita-jita ta tashi cewa Yahudawa ne ke zuba guba a rijiyoyi. A watan Fabrairu na 1349 mutanen birnin Strasbourg suka ƙone ɗaruruwan maƙwabtansu Yahudawa. Duk da haka annobar ta shiga birnin a wannan shekara ta yi ɓarnarta. Sai a 1894 aka gano ƙwayar cutar, a 1898 kuma aka tabbatar cewa ƙumar ɓera ce ke ɗaukar ta.

A 1854 cutar amai da gudawa ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, ta kashe fiye da mutum 500 cikin kwana 10. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana tambaya: wa ya mutu, yaushe, kuma a ina yake shan ruwa? Sai ya ga mace-macen sun taru a kewayen famfon wata rijiya da ke titin Broad. Ya kuma kula da waɗanda suka tsira: ma'aikatan wata masana'anta da ke titin, waɗanda ba sa shan ruwan famfon, cutar ba ta kashe su ba. Hukuma ta cire hannun famfon ranar 8 ga Satumba. Daga baya wani malamin coci na unguwar, Henry Whitehead, wanda ya san mutanen gida-gida, ya gano cewa ruwan wankin ƙunzugun wata jaririya marar lafiya ne aka zuba a ramin masai da ke dab da rijiyar, ya tsiyaya ciki. Mutanen Strasbourg sun tambayi wanda ya yi, Snow kuwa ya tambayi abin da mamatan suka yi tarayya a kansa, shi ya sa ya dace.

Kammalawa

Tambayoyin Snow ba su buƙatar na'ura mai tsada, ɗalibin sakandare ma yana iya yin su. Idan ciwo ya yawaita a unguwa, sai a rubuta: su wa suka kamu, shekarunsu nawa, wace rana ciwon ya fara, wace rijiya suke sha, a wane ɗaki suke kwana, wace sana'a ake yi a gidan, akwai zumunta tsakanin iyaye, kuma su wa suka tsira? Sa'an nan a kai wannan bayani ga ma'aikacin lafiya mafi kusa, tare da majinyacin, ba tare da jinkiri ba.

Malamai kuwa suna iya maimaita gwajin Allport da Postman a cikin aji da hoto ɗaya da ɗalibai bakwai, a rubuta bayanin farko da na ƙarshe a kan allo a kwatanta. Haka kuma ana iya koyar da gadon sikila da ƙwarya biyu, kowace da wake fari da ja daidai wa daida. A rufe ido a ɗauki ƙwaya ɗaya daga kowace ƙwarya, a rubuta, a mayar, har sau 100. Ɗalibai za su ga da idonsu cewa ja da ja sukan haɗu kusan sau 25, kuma wani lokaci sukan zo sau biyu ko uku a jere ba tare da kowa ya sa hannu ba.

Ya kamata kuma a sani cewa dokokin Nijeriya sun ɗauki jifan mutum da maita a matsayin laifin da ake hukuntawa, kuma addini ya yi horo da a binciki labari kafin a yi aiki da shi, ya kuma girmama haƙƙin maƙwabci. Hausawa ma sun ce zato zunubi. Saboda haka idan aka kawo maka zancen wance, ka tambayi mai faɗa ko da idonsa ya gani, ka tambayi ko an kai yaron asibiti, ka tambayi abin da gwajin jini ya nuna. In babu amsa, to maganar ta tsaya a kunnenka, ka tashi ka taimaka a nemo motar da za ta kai yaron asibiti.